Wace kwamfuta ce ba za ta yanke wa DJ kiɗa a tsakiyar wasa ba?

"Assalamu alaikum. Na fara koyon aikin DJ da ƙaramar kwantirola, DDJ-FLX4, ina haɗa ta da manhajar rekordbox a tsohuwar laftop ɗin yayana mai Windows. A ɗaki komai lafiya lau. Amma duk ranar da na fita wasa, bayan kamar awa ɗaya sai sauti ya fara ƙaras-ƙaras, wani lokaci ya ɗauke na ƙiftawar ido ya dawo. Akwai ranar da manhajar ta daskare ana tsakiyar rawa. Yanzu na tara kuɗi zan sayi tawa. Wasu sun ce sai dai MacBook, wasu sun ce in nemi laftop ɗin gem mai Core i7. Don Allah wacce zan saya wadda ba za ta kunyata ni ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a abin da ka tara.

Ka kawo tambayar a matsayin zaɓi tsakanin MacBook da laftop ɗin gem, amma abin da kake nema shi ne na'urar da za ta yi awa huɗu ko biyar tana fitar da sauti ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wannan daban yake da ƙarfi. A aikin haɗa sauti da saita wa masu DJ kayansu na ga laftop masu ƙarfin gaske suna ƙaras-ƙaras, na kuma ga matsakaita da suka shekara suna aiki ba a taɓa jin kansu ba. Saboda haka kafin mu kama sunan wata na'ura, gara ka san abin da ke faruwa a cikinta a daidai lokacin da kiɗan ya ɗauke, domin da wannan sanin za ka yi ciniki.

Abin da ke sa sauti ya tsinke

Kwamfuta ba ta aika waƙa zuwa kwantirola, wato na'urar maɓallan da DJ ke haɗa waƙoƙi da ita, a dunƙule, gutsure-gutsure take turawa. A ingancin faifan CD, sakan ɗaya na sauti ya ƙunshi ɗigo 44,100 a kowane gefe, hagu da dama. Manhajar DJ tana shirya ɗigon nan rukuni-rukuni ta zuba su a ɗan ƙaramin ma'aji da ake kira bafa, katin sautin da ke cikin kwantirola kuma yana kwasa daga nan. Idan an saita bafa a kan 256, rukuni ɗaya bai kai milisakan 6 ba zai ƙare (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Ke nan dole kwamfutar ta cika ma'ajin nan kusan sau 172 a kowane sakan, sama da sau 600,000 a awa ɗaya. Ta makara sau ɗaya, kunnen jama'a ya ji "ƙas". Ta makara sau da yawa a jere, kiɗa ya ɗauke.

Ka ɗauka mutum ne yake zuba ruwa da ludayi a mazurari, da sharaɗin kada mazurarin ya bushe. Ƙarfin damtsensa ba shi ne abin dubawa ba. Ko ƙato ne, muddin wani ya riƙe masa hannu na ɗan lokaci, ruwa ya yanke. To masu riƙe wa kwamfuta hannu su ne ainihin matsalar DJ, kuma yawanci uku ne: zafi, direbobin na'ura (ƙananan manhajojin da ke sada kayan cikinta da babbar manhaja), da harkar wuta, wato batir da ƙofofin USB.

Akwai wanda zai ce maka ka ƙara girman bafa kawai. Gaskiya ne hakan na ba kwamfuta sarari: a 512 tana da kusan milisakan 12, a 1024 kusan 23. Sai dai duk abin da ka ƙara, jinkiri ne tsakanin taɓawarka da fitowar sauti. Mai haɗa waƙa da waƙa a natse ba zai damu da 512 ba. Mai karce faifai kuwa, ko mai buga maɓallai da yatsu kamar kalangu, nan take zai ji hannunsa da kunnensa sun saɓa. Shi ya sa ake son na'urar da za ta iya zama a 256 ko ƙasa ba tare da kuka ba.

Yanzu mu dawo kan laftop ɗin yayanka. Abin da ka faɗa, cewa a ɗaki lafiya amma a wurin wasa sai bayan awa ɗaya take farawa, ya fi kama da zafi. Firosesa, wato injin lissafin kwamfuta, idan ta kusa ma'aunin zafi 100, da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Tsohuwar laftop wadda ƙura ta toshe wa fanka, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa kuma ya bushe, tana iya jure ɗaki mai iska, amma ba za ta jure cunkoson jama'a da fitilu da tebur mai shimfiɗar ƙyalle da ya rufe mata ƙofar iska ba. Abu na biyu da zan zarga shi ne ko kana wasan ne a kan batir ba tare da caja ba, don Windows na rage wa firosesa ƙarfi da zarar an cire wuta. Ita kuma FLX4 daga ƙofar USB ɗin kwamfutar take shan wuta, don haka duk wani tsimin wuta yana shafarta kai tsaye. Ko da za ka sayi sabuwa, ka sa a buɗe tsohuwar a share ta a sake mata man. Za ka sha mamakin yadda za ta farfaɗo, kuma DJ ba ya raina na'ura ta biyu.

Daga kwantirola ake fara zaɓe

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sayi kwamfuta tukuna, sannan ya je yana neman ko manhajarsa za ta hau. Juya abin za ka yi. Ka riga kana da kwantirola, ka riga ka saba da rekordbox. To ka shiga shafin kamfanin, AlphaTheta, wanda shi ne mai Pioneer DJ, ka duba abubuwa biyu: mafi ƙarancin ƙarfin kwamfutar da rekordbox ke buƙata a sigarsa ta yanzu, da jerin sigogin Windows da macOS da suka tabbatar yana aiki a kansu. Haka mai wata manhajar DJ irin Serato zai yi, haka mai Traktor na Native Instruments, ko VirtualDJ, ko djay na Algoriddim. Alƙaluman nan suna canzawa da kowace sabuwar siga, shi ya sa shafin ya fi duk abin da wani zai faɗa maka da ka. Kuma abin da suka kira mafi ƙaranci, ka ɗauke shi a matsayin abin da zai sa manhaja ta buɗe, ba abin da zai kai ka ƙarshen wasa ba.

Wannan dubawar za ta fitar maka da wasu na'urori daga lissafi tun kafin ka wahala. Chromebook ba ta ɗaukar rekordbox ko Serato ko Traktor. Laftop masu Celeron, Pentium, ko firosesar Intel mai farawa da harafin N, don rubutu da intanet aka yi su. Sai kuma sababbin laftop na Windows masu firosesar Snapdragon: batirinsu na daɗewa, ba su cika zafi ba, amma ginin firosesar daban yake da na Intel da AMD, kuma direban sautin da aka rubuta wa Intel ba ya aiki a kansu. Muddin kamfanin manhajarka da na kwantirolarka ba su rubuta ƙarara cewa suna goyon bayansu ba, ka bar su.

Maganar MacBook

Masu ce maka MacBook suna da hujja, ko da wasunsu ba su san ta ba. Apple ne ke ƙera na'urar, shi ne ke rubuta babbar manhajar, kuma tsarin sautinsa da ake kira Core Audio a cikin macOS yake tun asali, an gina shi don ƙaramin jinkiri. Nau'o'in MacBook kaɗan ne, don haka masu rubuta manhajar DJ suna iya gwada kusan dukkansu. Tun da Apple ya fito da firosesarsa ta M1 a watan Nuwamba na 2020, abin ya ƙara sauƙi: ba ta zafi sosai, kuma gudunta a kan batir kusan ɗaya ne da gudunta a kan caja. Ga DJ, wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, don caja na iya zarewa ba ka lura ba.

MacBook Air mai firosesar M ba ta da fanka kwata-kwata. Ga mai haɗa waƙoƙi biyu zuwa huɗu, wannan bai cika zama matsala ba. Amma idan za ka riƙa raba murya da kiɗa a duk tsawon wasa, ko za ka haɗa da bidiyo, a wuri mai zafi, to MacBook Pro mai fanka ta fi kwanciyar hankali.

Ita ma Mac tana da nata halin. Na farko, RAM ɗinta, wato inda take riƙe abin da take aiki a kansa, da ma'adanarta a manne suke, abin da ka saya da shi za ka zauna har ka rabu da ita. Na biyu, kuma shi ya fi cin mutane, Apple na fitar da sabon macOS kowace shekara, kuma kamfanonin manhajar DJ kan ɗauki makonni ko watanni kafin su ce a hau. A 2019, lokacin da macOS Catalina ya fito, ya daina ɗaukar tsofaffin manhajoji masu tsarin 32-bit, ya kuma kawar da iTunes, wanda masu DJ da yawa suka jera waƙoƙinsu a ciki. Waɗanda suka yi gaggawar sabuntawa sun ji jiki. Sabuwar Mac kuma da sabon macOS take zuwa, ba a iya mayar da ita ƙasa da wanda ta zo da shi, don haka ko sabuwa dal za ka saya, ka fara duba jerin nan da na ambata.

Idan ta hannu za ka saya, kada a sayar maka da MacBook mai firosesar Intel da sunan ai MacBook ce. Na shekarun 2016 zuwa 2019 sun yi suna wajen zafi da lalacewar madannai, kuma Apple ya sanar cewa macOS 26 shi ne na ƙarshe da zai hau kan Mac mai Intel. Daga M1 zuwa sama za ka duba.

Maganar Windows da laftop ɗin gem

Windows na yin aikin DJ sarai, manyan masu wasa da yawa da ita suke fita. Bambancin shi ne a nan kai ne za ka tantance, don kamfanoni barkatai ne ke haɗa laftop ɗin, kowanne da katin Wi-Fi ɗinsa, da katin hotonsa, da tsarin kula da batirinsa. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da direba, wato 'yar manhajar da ke sada shi da Windows. Direba yana da damar tsayar da firosesa ya ce a saurare shi tukuna. Mai kyau yana gamawa cikin abin da bai kai milisakan ɗaya ba. Wanda aka rubuta da ganganci yana iya riƙe ta milisakan biyu, biyar, har fiye, kuma ka tuna bafarka ba ta kai milisakan 6 ba. Wannan shi ne abin da masu harkar sauti ke kira jinkirin DPC, kuma babu ruwansa da tsadar na'ura ko ƙarfin firosesa.

A nan ne laftop ɗin gem ke yaudarar mutane. Tana da fankoki masu kyau da firosesa mai ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma tana da katin hoto biyu da take sauyawa tsakaninsu, da manhajojin kamfani masu sarrafa fitilun madannai da gudun fanka, kuma waɗannan na cikin waɗanda aka fi kamawa da laifin DPC. Mai buga gem ba zai taɓa lura da tsaikon milisakan uku ba. Kai za ka ji shi a lasifika. Ƙari a kan haka tana da nauyi, cajarta ƙatuwa ce, batirinta ba ya daɗewa, kuma da zarar an cire wuta ƙarfinta ya faɗi warwas. An taɓa kawo mini wata sabuwa irin wannan, mai ita ya riga ya canza kebul, ya canza kwantirola, ya sake zuba manhaja, sauti bai daina ƙas-ƙas ba. Da muka auna, direban Wi-Fi ne. Aka kashe Wi-Fi, ƙarar ta ɓace. Ba ina cewa duk laftop ɗin gem haka take ba. Akwai masu tsabta. Amma kalmar "gem" a jikin kwali ba ta ba ka tabbacin komai game da sauti.

Shi ma "Core i7" suna ne kawai idan ba a faɗi zamaninsa ba. Core i7-4500U na 2013 ƙwaƙwalwa biyu gare shi. Core i5-12450H na 2022 yana da takwas, kuma ya bar wancan nesa ba kusa ba. Lambobin farko bayan layin su ne zamani, harafin ƙarshe kuma shi ne hali: U na nufin an yi ta don tsimin batir, H na nufin an yi ta don aiki mai nauyi. Haka AMD ma ke yi wa Ryzen ɗinsa. Ga ma'auni mai sauƙi idan ta hannu za ka saya: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana buƙatar Intel daga zamani na 8 ko Ryzen daga jerin 2000. Duk abin da ya gaza haka, kamfanonin manhajar DJ ma suna kan hanyar barinsa. Ni da zan zaɓa, zan fara daga Core i5 na zamani na 11 ko Ryzen 5 na jerin 5000, kuma zan fi karkata ga laftop ɗin da aka yi wa ma'aikata, irin su ThinkPad, Latitude ko EliteBook, saboda jikinsu na jure tafiye-tafiye kuma da yawansu ana iya buɗewa a ƙara RAM. Su ma sai an gwada, kamar yadda zan faɗa a gaba.

Abu guda da ya canza lissafin nan a 'yan shekarun nan shi ne raba waƙa kashi-kashi, a cire murya a bar kiɗa ko a bar ganga kaɗai, ana cikin wasa. VirtualDJ da djay suka fara kawo shi a 2020, Serato ya biyo baya a ƙarshen 2022, rekordbox a 2023. Kafin zuwansa, aikin DJ ba ya cin ƙarfin kwamfuta sosai. Shi kuwa wannan yana ci, kuma a daidai lokacin da ka loda sabuwar waƙa yake ci, alhali wata na fita a lasifika. Idan ka san za ka yi amfani da shi, to kada ka tsaya a matakin ƙasa. A nan ne kawai, tare da haɗa bidiyo, katin hoto na musamman ke da amfani, musamman a VirtualDJ wanda ke iya jingina aikin rabawar a kan katin NVIDIA. Aikina ya fi yawa a sauti zalla, don haka idan bidiyo ne babban burinka, ka ƙara da shawarar wanda kullum shi yake yi.

RAM, ma'adana da ƙofofi

RAM: 16GB. Da 8GB manhaja za ta tashi ta yi wasa, amma rekordbox na da ci, ga raba waƙa, ga babbar manhajar kanta. Idan Mac ce, tunda ba a ƙarawa, kada ka yarda da 8GB sai in babu yadda za ka yi.

Ma'adana kuwa SSD, babu jayayya. Tsohon hard disk mai faifai yana juyawa ne da allura a kansa, kuma girgizar manyan lasifika na iya sa allurar ta kasa karatu, waƙa ta tsaya cak. SSD ba shi da abin da ke motsi. Wajen girma, ga lissafi: MP3 mai inganci 320 yana cin kusan 2.4MB a minti, ke nan waƙar minti biyar kusan 12MB, waƙa 10,000 kusan 120GB. WAV yana cin kusan 10MB a minti, ya ninka sau huɗu da 'yan kai. Don haka 512GB ya ishi mai MP3 na tsawon lokaci, mai tara WAV ko bidiyo kuma ya nemi 1TB. 256GB zai cika da wuri, kuma ma'adanar da ta cika maƙil tana rage wa na'ura kuzari. Na fi son waƙoƙin wasa su zauna a cikin kwamfutar, na waje ya zama na ajiya, don kowane kebul da ka ƙara wata hanya ce ta katsewa. Idan dole sai na waje, ka tsara shi a exFAT, wanda Mac da Windows duk suna karantawa suna rubutawa. Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, manhajar DJ kuwa tana buƙatar rubuta alamominta.

A kula da wani tarko: OneDrive a Windows da iCloud a Mac suna iya kwashe fayilolin da aka daɗe ba a taɓa ba su mayar intanet don samar da wuri, su bar sunan kawai. Sai ka je wurin da babu intanet ka danna waƙa ta ce ba ta nan. Jakar waƙoƙinka kada ta zauna a inda waɗannan ke iko.

Ƙofofin USB kuma, ba gudunsu ne abin dubawa ba, ko USB 2.0 ya ishi sauti ya yi saura. Yawansu da ƙarfin riƙonsu ne. Kana son kwantirola ta shiga jikin kwamfuta kai tsaye, caja ta sami tata ƙofar, a kuma sami ragowar ɗaya. Idan ta hannu ce, ka soka kebul ka ɗan girgiza shi. Ƙofar da ta saki, bugun bas kaɗai ya isa ya raba ta da kwantirola. In dole ka yi amfani da mahaɗar USB, ka nemi mai nata wutar daban. Allo kuma inci 14 ko 15 ya fi daɗin karanta jerin waƙoƙi, kuma idan kana wasan rana a fili, haskensa ya fi girmansa muhimmanci.

Gwaji kafin amana

Duk abin da na faɗa a sama zai rage maka zaɓi ne kawai. Ba zan iya nuna wata laftop ta Windows daga nesa in rantse maka a kanta ba, domin biyu masu suna ɗaya na iya zuwa da katin Wi-Fi daban, kuma sabunta direba guda na iya gyara na'ura ko ya ɓata ta. Gwaji ne ke yanke hukunci. Saboda haka ka saya a inda za a yarda ka gwada, ko ka mayar idan ba ta yi ba. Wannan sharaɗin ya fi ragin da za a yi maka daraja.

A Windows akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna LatencyMon. Ka kunna ta, caja a jiki, Wi-Fi a kunne, ka bar ta kamar minti 20 kana buɗe abubuwa. Za ta rubuta maka ko na'urar ta dace da aikin sauti, idan kuma ba ta dace ba za ta nuna direban da ya fi riƙe firosesa. Ka maimaita a kan batir. Idan matsalar ta tafi da ka kashe Wi-Fi, ana iya zama da ita. Idan ta ƙi tafiya ko me ka kashe, mayar da ita.

Bayan wannan sai gwajin gaske, ko Mac ce ko Windows. Ka haɗa kwantirolarka, ka saita bafa a 256, ka yi wasa na tsawon da kake yi a waje, ba minti goma ba. Ka loda waƙoƙi da sauri, ka kunna raba murya, ka zuba ifet, wato kwalliyar sauti, ka yi rikodin ɗin wasan duka a lokaci guda. Ka yi shi a ɗaki mai ɗumi, don matsalarka ta baya sai bayan awa ɗaya take fitowa. Ka cire caja a tsakiya ka mayar, ka ji ko sauti zai motsa. Sannan ka saurari rikodin ɗin da abin kunne, amma ka sani wani tsinkewar a hanyar USB yake faruwa ba ya shiga rikodin, don haka kunnenka ya kasance a kan lasifika tun ana yi.

Idan ta ci wannan jarrabawar, saura kada ka ɓata ta da hannunka. A Windows ka sa tsarin wuta a kan mafi ƙarfi, ka kashe saitin da ke ba USB damar yin barci, kuma idan kwantirolar da kake amfani da ita tana da direban sauti na kamfaninta, wanda ake kira ASIO, shi za ka zaɓa a cikin manhaja. Ka dakatar da sabuntawar Windows kafin ranar wasa, ana iya ɗage ta har mako biyar. A Mac ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Kada ka sabunta komai, ko manhajar DJ ɗin kanta, a ranar da za ka fita. Ka bar rekordbox ya gama nazarin sababbin waƙoƙi tun a gida, domin nazarin na cin firosesa, kuma yana cikin abubuwan da ke daskarar da tsohuwar na'ura irin ta yayanka idan aka jefa mata waƙoƙi da yawa ana cikin wasa. A wurin wasa ka kashe Wi-Fi da Bluetooth in ba ka buƙatarsu, ka ɗora laftop a kan matsayinta don iska ta ratsa ƙasanta. In ka ji wani "zzz" a lasifika wanda ke ɓacewa da ka cire caja, ba kwamfutar ce ta lalace ba, wutar caja ce ke shiga layin sauti. Ka haɗa cajar da miksa a soket ɗaya, in bai tafi ba a sa 'yar na'urar raba layi tsakanin kwantirola da miksa. Kada ka karya ƙafar caja ta uku don maganinsa, ita ce ke kare ka daga jan wuta.

Da ni ne a matsayinka, da FLX4 da rekordbox, kuma kuɗin sun kai, zan ɗauki MacBook Air mai firosesar M, ko da M1 ko M2 ce ta hannu mai lafiyayyen batir, da RAM 16GB da ma'adana 512GB. Dalilina ba wai ta fi kowace Windows ba ne, sai don ita ce hanyar da ba ta buƙatar ka zama makanikin direbobi kana kan koyon haɗa waƙa. Idan kuɗin ba su kai nan ba, ko kana da wasu manhajojin da sai Windows, to laftop ɗin ma'aikata mai Core i5 ko Ryzen 5 na zamanin da na ambata, RAM 16GB, SSD, wadda ta tsallake LatencyMon da dogon gwaji, za ta yi maka aikin daidai. Laftop ɗin gem ita ce ta ƙarshe a jerina, sai idan bidiyo za ka shiga.

Ko wacce ka saya, ka ware wani abu daga kuɗin don kebul ɗin USB na biyu, da SSD na waje da za ka riƙa kwafe waƙoƙi da ma'ajiyar rekordbox a ciki. Ka kuma fitar da jerin waƙoƙinka a filashi ta hanyar rekordbox, a tsarin FAT32, wanda tsofaffi da sababbin na'urorin CDJ, masu kunna waƙa kai tsaye daga filashi, duk suna karantawa, don wata rana za ka tarar da su a wurin wasa ba sai ka buɗe laftop ba. Sannan ka ajiye dogon haɗin kiɗa a wayarka, da kebul ɗinta a soke a wani layi na miksar wurin tun kafin a fara, an gwada ƙarfinsa an sauke. Ranar da manhaja ta daskare, ka ɗaga layin wayar, ka sake tada kwamfuta a natse.